Maus ɗin shagon surukina

Shekarun baya, lokacin babbar 'yarmu tana rarrafe, na yi wani abin alheri da har yau in na tuna shi sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Maus na saya wa surukina, wato linzamin kwamfuta, irin wanda ba shi da waya. Iyakar abin da na yi ke nan. Ban zagi kowa ba, ban ci amanar kowa ba, amma sai da na yi makonni ina kewaye layin shagonsa a unguwar Hindawiyya ta Makka kamar wanda ake nema.

Ni ɗan Kano ne, aiki ne ya kawo ni Makka. Wani otal nake yi wa aiki, ina duba musu kwamfutoci. Karatuna ba wani mai zurfi ba ne, amma a wurin dangin matata ni ne injiniya. Waya ta ƙi kawo wuta, a kira mijin wance. Talabijin ya ɗauke, a kira mijin wance. Akwai ranar da aka kira ni a kan firji, na je na tsaya a gabansa ina gyaɗa kai kamar na san abin da ke damunsa. Gaskiya na ji daɗin sunan, kaina kuma ya kumbura fiye da yadda na sani.

Matata haifaffiyar nan ce. Mahaifinta ya zo daga Damagaram tun yana saurayi, tare da nasa mahaifin, suka yi aikin hajji suka zauna. Tela ne, gwanin surfani. Yana da ƙaramin shago a Hindawiyya shi da wani abokin sana'arsa da suka tsufa tare. Da zamani ya canza suka haɗa ƙarfi suka sayi injin surfani mai aiki da kwamfuta, irin wanda ake zana adon a jikin allo sannan inji ya ɗinka. Mutane suka ce dattijo ba zai iya ba. Ya zauna ya koya da tsufansa, har ya zama shi ke zanawa, abokinsa yana ɗora yadi yana kula da zare. Ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Alhazai daga gida in sun zo sukan nemi shagon don wuyan jallabiya, iyalan Hausawan Makka kuma in biki ya taso can suke kai kayansu.

Yanzu sai in gaya muku yadda muke da shi, don a nan maganar take. Samarin Makka in za su gai da babba sukan kama hannunsa, su sumbaci goshinsa, su zauna kusa da shi a yi hira. Ni kuwa da tarbiyyar gida na zo. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in sunkuyar da kai, in yi gaisuwa idona a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa aka ba ni sai na juya baya. Shi ma yana son haka, na sha jin labarin yana cewa yaron nan da kunyarsa ya zo. To, shekarun nan duka da na yi ina gaishe shi, na fi sanin takalmansa da gefen rigarsa a kan sauran jikinsa. Da za a jera min takalman dattawan Hindawiyya zan zaɓo nasa, amma da za a ce in kwatanta hannunsa sai dai in yi ƙarya.

Matata ma ba ta fi ni da yawa ba, don ita ce 'yar fari. Ba ya kiran sunanta, sai dai “ke”, ko ya ce wa wani a gaya wa waccan. In mun je gidansa a unguwar Ka'akiyya sai ta ajiye masa abinci ta fice, ba ya ci sai ta bar ɗakin. Mahaifiyarta ta rasu tun kafin aurenmu, shi da ƙaninta ne kawai a gidan, shi kuwa ƙanin direban bas ne tsakanin Makka da Madina, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida.

Akwai abu ɗaya kuma game da ni. Bahago ne ni. Mahaifiyata ta yi fama har na koyi ci da dama, amma rubutu da duk wani aikin hannu suka ƙi. Na sha tsokana a makaranta, na sha harara a wurin manya, har ya zame min ɗabi'a in ɓoye. A gaban babba ba na yarda in ɗauki biro. In dole ta kama sai in lallaɓa da dama, in yi wani rubutu kamar tafiyar kaza. A iya sanina, duk dangin matata ba wanda ya san wannan sai ita.

Wata rana ƙanin nata ya biyo ta gidanmu a unguwar Shisha, cikin hira ya ce ya leƙa shago ya tarar da Abuya yana faɗa da maus. Abuya suke ce wa mahaifin nasu, irin na mutanen nan. Wai maus ɗin ya tsufa, kibiyar da ke yawo a allo ba ta tsayawa wuri ɗaya, zane ba ya fita yadda ake so. Ya ce har dattawan majalisarsa sun san da maganar, kowa ya zo sai ya tofa albarkacin bakinsa a kan maus ɗin nan.

Na ji wani daɗi ya ratsa ni. Tunda na auri 'yarsa mutumin nan bai taɓa neman komai a wurina ba, ga shi yau abu ya faɗo daidai fagena. Har na yi wa dattawan dariya a raina. Na ce wa matata, duk yawansu a rasa mai shiga kasuwa ya sayo maus? Ta ce in dai zan saya in bai wa ƙaninta ya kai, shi ke nan, ba sai na je ba. Na ce ina, zuwa da kai ya fi saƙo, kuma wa zai haɗa musu?

Washegari na shiga wani shagon kayan kwamfuta a nan Shisha. Mai shagon ya tambaye ni wanne nake so, mai bulutus ko mai ɗan ƙaramin abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Na ce mai sokawa, don na san kwamfutar shagon tsohuwa ce, ba ta san wani bulutus ba. A nan dai na yi daidai, kuma a nan daidai ɗina ya ƙare. Ya ɗauko min wani baƙi mai ɗan nauyi, ba ado, damansa da hagunsa iri ɗaya. Na kalle shi na taɓe baki. Wannan zan kai wa surukina, a gaban mutane? Na nuna wani a can sama, mai ƙyalli, an lanƙwasa shi daidai tafin hannun dama har da wurin kwantar da babban yatsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ga jin magana, in ka ɗan taɓa shi kibiyar ta kai ƙarshen allo. Na ce ai mai zane irin wannan yake so.

Mai shagon ya tambaye ni hannun mai amfani da shi babba ne ko ƙarami. Ni kuwa ban sani ba. Da ina da hankali da tun a nan na tsaya na yi tunani. Sai na yi dariya na ce hannun tela ne, ya zuba min a leda kawai.

Bayan la'asar na isa Hindawiyya. Na zaɓi lokacin ne da gangan, ba zan ɓoye muku ba, don na san lokacin majalisa ke cika. Dattawa sun shimfiɗa darduma a cikin shagon ta gefen ƙofa, ga butar shayi, ga ƙananan kofuna. Surukina yana kan kujerarsa gaban kwamfuta, ya yafa mayafi a kafaɗa, gefensa ya sauko ya rufe cinyarsa. Allon kwamfutar babba ne, yana fuskantar majalisa, don masu kawo ɗinki su riƙa ganin adon da za a yi musu. Na cire takalmi, na durƙusa, aka gaisa. Na miƙa ledar ga abokin sana'arsa na ce ga ɗan abu na kawo wa Baba, na ji an ce maus yana ba shi wahala.

Abokin ya leƙa ledar. Ya sa min albarka, ya ce in bar shi a nan, za su haɗa in an watse. Na ce ai ba wani aiki ba ne, yanzu zan gama. Ya ce ana tsakiyar wani zane ne, kada ya ɓace. Na ce ba abin da zai ɓace. Ya ce to in sha shayi tukuna. Ni da ba na ko shan ruwa a gaban surukina, na ce na ƙoshi. A raina kuwa har na ɗan ji haushi, ina ganin tsohon nan raina min iyawa yake yi.

Na yage kwali. Na buɗe cikin maus ɗin na zare 'yar ledar da ke tare batir, na ciro ɗan abin sokawar daga maɓoyarsa, har na ɗaga shi sama don dattawa su gani, bai fi farcen yatsa ba. Na rarrafa ƙarƙashin tebur cikin ƙura da guntayen zare na soka shi. Na kunna, na motsa, kibiya ta amsa nan take. Wani daga cikinsu ya ce masha Allah, ba waya ba komai. Da a nan na tsaya na yi sallama, da ƙila an rabu lafiya.

Sai karambani ya ce min in duba tsohon kafin in cire shi. Na kama shi da hannun dama, tunda a gaban manya nake, na ja shi sama da ƙasa, na zana layi. Layi ya fita sak. Na sake, ya sake fita sak.

Na ce, “Baba, ai wannan ma lafiyarsa lau.”

Can wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce ai yana yi yana bari ne, irin kayan nan ba a shaidarsu. Wani ya ce shi da idonsa ya ga kibiyar tana tsalle jiya. Ni kuwa, Allah sarki, sai na juyo na shiga yi musu bayani. Na ce maus ba ya yi yana bari, in ya lalace ya lalace, wannan ko wayarsa ba ta sassauta ba. Na juya shi na nuna musu fitilar ƙasansa. Na yi ta zuba kamar an kunna rediyo, ina jin kaina malami a gaban ɗalibai.

Daga nan na cire tsohon na naɗe wayarsa, na ajiye sabon a gefen dama na tebur, na ja da baya na sunkuyar da kai.

“Bismilla Baba, gwada ka ji yadda yake.”

Abokinsa ya yi caraf ya ce lokacin salla ya gabato, a bari sai gobe. Rana kuwa tana nan da sauranta, kowa yana gani. Na ce ai taɓawa ɗaya ce. Daga baya na gane halin da na saka mutumin nan. In ya ƙi, ya gwasale surukinsa a gaban jama'a, ya mayar min da kyauta. Shi kuwa ba zai yi min haka ba. Sai ya janye gefen mayafin, ya fito da hannunsa na dama, ya ɗora a kan maus ɗin.

Ni idona yana kan allo, ina jiran yabo. Sai na ga kibiya ta haukace. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta kama wani reshe na adon da ke buɗe ta ja shi har gefe, abubuwa suka riƙa buɗewa suna rufewa. Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Har na ce, “Riƙe shi da kyau Baba, kar ka motsa.” Sannan ne na sauke idona a kan hannun.

Rawa yake yi. Ba ɗan kaɗan ba, tun daga wuyan hannu har yatsu, yana ƙoƙarin danne shi yana ƙaruwa. Wannan ne ganina na farko da hannun surukina. Tsohon maus ɗin mai nauyi ne, ga waya tana riƙe da shi, yana ɗan rage abin. Nawa kuwa, da na zaɓo don jin magana, duk wata rawa da hannun ya yi sai ya ninka ta ya haska a babban allo. Kafin in yi wani yunƙuri maus ɗin ya kuɓuce ya sulale daga tebur, tunda ba wayar da za ta tare shi. Ya daki ƙasa, murfin ya ɓalle, batir ya gangara har kan dardumar dattawa ya tsaya a jikin butar shayi.

Ba wanda ya kalli batir ɗin. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Surukina ya mayar da hannunsa ƙarƙashin mayafi a hankali. Ya ce, “Ya yi kyau. Allah ya yi albarka.” Ya miƙe ya ce bari ya je ya yi alwala, ya sa takalman nan da na sani ya fita.

Abokinsa ne ya kama ni ya ja ni waje, gefen wata mota. Bai ɗaga murya ba, na ma fi son da ya zage ni.

Ya ce, “Ɗana, kai kaɗai ne a Makka ka san inda ake sayar da maus?”

Ya ce abin ya fi shekara yana tafe. Duk majalisar nan ba wanda bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa furtawa, ko a bayan idonsa. Ranar da ya fara cewa maus ya lalace, sai suka taya shi. Rabin kofi suke zuba masa shayi, su ajiye a gefe, kowa ya kau da kai har ya sha. Zanen kuwa yana yi yadda ya samu, in ya tafi sallar magariba shi abokin ya zauna ya daidaita layukan kafin a sa a inji. Shi ma surukin nawa ya san ana daidaitawa, amma bai taɓa tambaya ba. Ya ce an bar kaza cikin gashinta, kowa yana zaune lafiya, sai ga ni da ledata.

Ban san yadda na kai gida ba. Na gaya wa matata duka, ban rage komai ba. Da farko ta hau ni da faɗa, Larabci da Hausa a haɗe, ta ce ba ta ce in bai wa ƙaninta ba? Can kuma sai ta zauna a bakin gado. Ta fara lissafo abubuwa. Ya daina zuwa walima, ya ce likita ya hana shi shinkafa. Ya daina karɓar jikarsa in an miƙa masa, sai dai ya shafa kanta. Kullum in ta je ɗauko kwanonsa sai ta ga miya a kan ledar cin abinci, tana cewa tsufa ne. Ta fashe da kuka ta ce ita 'yarsa ba ta sani ba, maƙwabtan shago sun sani.

Washegari surukina bai fito shago ba. Aka ce mura. Mako ya zagayo, mura. Wani makon ma mura, a tsakiyar zafin Makka. Ga lokacin hajji yana matsowa, ɗinki ya fara taruwa. Abokinsa ya kira ni a waya, ya ce shi ba aikin ne ya dame shi ba, aiki ko an jima a yi shi. Ya ce mutumin da ya saba fitowa kullum tun yana saurayi, in ya shiga ɗaki ya rufe a wannan shekarun, ba ya daɗewa. Ya ga irin haka ba sau ɗaya ba.

Na ce wa matata zan je in durƙusa in ba shi haƙuri. Ta ce haƙurin me? In na ce ya yafe min, dole in faɗi abin da na yi, in na faɗi abin da na yi na sake tona shi, wannan karon a cikin ɗakinsa. Ta yi gaskiya. Ita dai ta tsare ƙaninta sai da ya ɗauki hutu ya kai mahaifin nasu asibiti, wai a duba murar. Likita ya ba shi magani, ya ce abin zai ragu amma ba zai tafi ba. Ƙanin ya dawo yana ba mu labari, cikin maganar ya ce an sa shi ya miƙa hannuwa biyu, na hagun da ƙyar ake ganin motsinsa.

Da na ji haka sai na miƙe tsaye.

Na koma shagon nan na Shisha na ce a ba ni baƙin nan da na raina. Mai shagon ya tambaye ni ko wancan bai yi ba. Na ce wancan ya yi, ni ne ban yi ba. Na haɗa da shimfiɗar maus mai kaushi wadda ba ta santsi. A gida na soka shi a kwamfutata ta hannu, na rage gudun kibiya har sai ka ja da nisa kafin ta gusa, na juya maɓallan yadda ɗan manuni na hagu zai yi aikin da na dama yake yi. Wannan kam ba wanda zai koya min, haka nawa yake tun da na fara taɓa kwamfuta.

Kafin in je wurin surukina sai da na fara zuwa majalisa. Wannan tafiyar ta fi min kowace nauyi. Na durƙusa a bakin darduma na ce musu na koma wurin mai shago, ashe maus ɗin da na kawo jabu ne, an cuce ni, kowa ya taɓa shi haka yake tsalle. Tsohon ma na sake dubawa na ga ashe yana yi yana bari. Jama'a, ban taɓa ganin an karɓi magana da hannu bibbiyu irin wannan ba. Nan take suka rufe ni. Yaran zamani, sai ƙyalli ba inganci. Wai injiniya, a sayar masa da jabu. Wanda ya ce ya ga kibiya tana tsalle ya ce ai ya faɗa min na ƙaryata shi. Na sunkuyar da kai na sha, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Na san kafin in kai Ka'akiyya labarin ya riga ni.

Da hantsi muka je, ranar hutuna. Matata ta wuce kicin. Na tarar da shi a ɗakinsa zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya rame. Na gaishe shi, na maimaita masa abin da na gaya wa majalisa, idona a kan darduma. Ya saurara bai katse ni ba. Na buɗe kwamfutata a kan ƙaramin tebur, na shimfiɗa shimfiɗar a gefen hagu, na ɗora baƙin maus a kai. Na ce wannan mai kyau ne, sai dai matsalarsa ɗaya, na hagu ne, ba ya jin dama.

Ya daɗe yana kallon maus ɗin. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani.

Ya ce, “Ikon Allah. Yanzu har da na hagu ake yi?”

Na ce ana yi.

“Hagu kuma, da tsufana. Wa zai koya min?”

Na ce, “Ni, Baba. Ni bahago ne.”

Ban taɓa faɗa wa wani babba wannan da bakina ba. Na ji kamar na cire hula a gaban alƙali. Shi kuwa ko gezau.

“Na sani,” in ji shi. “Tun ranar ɗaurin aure na gani, da aka ba ka biro ka sa hannu. Ka kare da hannun riga. Ai ban gaya wa kowa ba.”

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma ba na jin ya yi ta ne don ya soke ni. Amma kunyar da na ji a shago ba ta kama ƙafar wadda na ji a ɗakin nan ba. Hawaye suka zubo min a kan dardumarsa, ya yi kamar bai gani ba. Ya gyara zama ya ce in matso, daga can ba zan koya masa komai ba. Na matsa har kafaɗata ta taɓa tasa. Ya ɗora hannun hagu a kan maus, na ɗora nawa a kan nasa, muka ja layin farko tare. Ya karkace, muka goge, muka sake.

Na bar masa kwamfutar a can. Duk ranar hutuna ina zuwa da hantsi. Bai taɓa kai saurinsa na da ba, kuma abokinsa bai daina zama bayan magariba ba. Amma kafin alhazai su cika gari ya koma kujerarsa, baƙin maus a hagunsa, yana gaya wa masu kawo ɗinki cewa irin na yanzu ke nan, surukinsa ne ya samo masa bayan an cuce shi a na farko. Ya yi shekaru yana fita shagon nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Da yana raye da ban rubuta wannan ba, yanzu ma sai da na tambayi 'yarsa.

Na daɗe ina ɗauka ni mai kunya ne don ina sunkuyar da kai. Ashe sunkuyar da kai shi ne mai sauƙin. Dattawan nan sun kalli hannun sarai, sun gani, sannan suka kau da ido. Ni ban taɓa kallo ba balle in kau da ido, shi ya sa na zo da gaskiyata a leda na zazzage ta a tsakiyar majalisa. Har yau a wurin aiki, in wani babba ya ce min na'ura ce ta lalace, nakan fara duban mutumin kafin in taɓa na'urar, kuma ba kullum nake faɗin abin da na gano ba.

Maus ɗin farko yana nan a durowata, na ɗaure murfinsa da salatif. Ni ma ba na iya amfani da shi, tunda don hannun dama aka lanƙwasa shi. Kwanaki na sa masa batir don in gani, lafiyarsa lau. Amma in ka je Hindawiyya ka tambayi ragowar dattawan nan za su ce maka jabu ne, in ka same ni a wurin kuma ni ma haka zan ce.